Hular Alhaji Za-a-Duba

Shekara uku kaset ɗin nan ya yi a ƙasan tukunyar daddawar Gwaggo, inda ko ɗan sanda ba zai so cusa hanci ba. Ilu mai zanen alluna na Dukawuya ne ya haɗa shi a zamanin soja. Sai ya zana mutum ɗaya sau ɗari, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da kyamarar biki ta aro, har zanen ya miƙe yana tafiya yana magana. Katun ne, amma ba na yara ba. Tauraronsa wani mai tumbi ne, Alhaji Za-a-Duba, wanda ko matarsa ce ta ce gida ya kama da wuta, sai ya gyara hula ya ce, "Za a duba."

Ilu bai kama sunan kowa ba. Hular kawai ya karya ta gefen hagu, ya ɗan lotsa bayanta. To duk unguwar nan mutum ɗaya ke wannan karin: Ɗantani, wakilin unguwa jiya, kansila yau da mulkin farar hula ya dawo. Wurinsa Ilu ya yi ta sintiri kan kwatar da ta toshe a bayan gidan Gwaggo, ƙanwar babansa da ta raine shi. Ruwan ya ci gindin katangar ɗakinta har rabi, ga damina ta kawo jiki. In aka tafka ruwa biyu masu ƙarfi, ɗakin ya tafi.

"Soja dai sun koma bariki," in ji Gwaggo, ta miƙa masa kaset ɗin yana tashin wari. "Tsoron na mene ne kuma?"

Bayan la'asar aka saka shi a shagon bidiyo. Ilu ya raɓe kusa da ƙofa cikin shirin gudu. Amma hular na bayyana, shago ya kece da dariya, wani dattijo har da riƙe ciki. Kafin sati magana ta fita daga hannun Ilu. Mata na faɗa wa mazansu, mahauta na faɗa wa masu neman gyara. Ɗantani ya canja hula, aka ce ya gudu. Ya mayar da ita, aka ce ya amsa sunansa. Ko gaisuwa ya yi a ƙofar masallaci, sai wani ya yi tari daga baya ya ce, "Za a duba."

Ran Laraba sai ga Ɗantani a shagon Ilu, ba ɗan sanda, ba rakiya, hula a hannu.

"Malam Ilu, don girman Allah ka sauya wa mutumin nan hula."

Ilu ya ajiye burushi. Daɗi ya cika shi har wuya. Ya russuna kamar yadda ya saba russunawa shekara da shekaru, ya ce, "Za a duba, ranka ya daɗe."

Washegari da hantsi leburori goma suka dira bayan gidan Gwaggo da shebur da baro, kansila da kansa tsaye a kansu, ya naɗe hannun riga.

Ruwan farko ya sauko ran Juma'a da azahar kamar da bakin ƙwarya. Gwaggo ta jingina bayanta da katangar, tana sauraren kwata tana gudu. Ta ce, "Ilu, kawo kaset ɗin nan. Ba zai koma tukunya ba. Saman sif zai zauna."