Ƙofar Da Aka Tsallake

Ina tsaye gaban kasko ina juya kifi, ƙamshin tafarnuwa ya cika tsakar gida, sai na ji ana goga wani abu a jikin ƙyaurenmu. Ranar tunawa da mamatan Kaka Dvoyra ce. Kowace shekara mukan soya kifi, maza su taru su yi addu'a, ita kuma ta kira sunayen 'yan uwanta goma sha ɗaya da aka harbe a bakin rami a Yukren lokacin yaƙin duniya na biyu, laifinsu kawai su Yahudawa ne.

Na leƙa da cokali a hannu. Baba Tashpulat ne, mai unguwarmu, riƙe da gwangwanin farin fenti. Har ya gama rubuta "Uzbek" da manyan haruffa, sunan ƙabilarsu mai rinjaye a ƙasar nan.

"Baba, yaushe muka zama Uzbek ba a gaya mini ba?"

"Ke dai Mazol, bakinki ba ya hutu. Samarin da suka ƙone gidajen Turkawa jiya sun nufo garin nan. Duk ƙofar da suka ga rubutu za su wuce. Ai ku namu ne, shekara nawa muna cin gurasar tanderu ɗaya?"

Na dubi layinmu. Ƙofa goma sha huɗu, kowace da farin rubutunta, ban da ɗaya.

"Ta maƙwabcinmu Binali Baturke fa?"

"In suka gane mun yi musu ƙarya, layin gaba ɗaya za su cinna wa wuta. Koma ciki, 'yar nan, kifinki na ƙonewa."

* * *

Kaka ta saurare ni har na gama, tana murza gefen gyalenta.

"Mu da alli aka yi mana," ta ce. "Malamin makaranta ne ya bi gida-gida, har yana tambayar babana ya ƙafa. A lokacin ƙofar da aka rubuta wa ake shiga, yanzu wadda aka tsallake. Hannun dai na maƙwabci ne."

Mijina Rahmin ya tura taga ya rufe. "Ku rage murya, don Allah. Mu nawa muka rage a garin nan? In suka gama da su, wa kike jin ke biye? Ki dubi 'yarmu Osnat mana."

"Ita nake dubawa! Da zazzaɓi ya kwantar da ni wata biyu bayan haihuwa, nonon wa ta sha? Naka?"

Ya san na Fadime ne, matar Binali.

Ba ni da fenti. Abin da na samu shi ne ragowar farar ƙasar da muke shafa wa gindin bishiyoyi. Na dama ta a bokiti, na tsallaka titi da rana tsaka, labulaye na motsi a kowace taga, na rubuta kalmar a ƙofar Binali.

Ya fito ya tsaya yana kallo, har ya ɗan yi murmushi. "Ƙanwata, rubutunki kamar tonon kaza. Wa zai yarda?"

"To gyara da kanka, malam. Ko ku taho gidanmu, yau muna da taro, ba mai ƙirga kawuna."

"Tafi da Fadime da yarinyar. Ni a taragon jirgin ƙasa na shanu aka kwaso ubana zuwa ƙasar nan, da hannunsa ya gina gidan nan. Ba zan bar shi ba."

Na ɗaura wa Fadime gyalena, na zaunar da ita cikin mata masu yankan karas. 'Yarta Nergiz na tura ɗaki wurin Osnat.

* * *

Da la'asar samarin suka iso cikin motocin ɗaukar auduga, da sandunan ƙarfe da kwalaben fetur. Ta tsagar ƙyaure nake kallo. Suka bi layin suna karantawa. Suka zo ƙofar Binali, suka wuce. Wallahi sun wuce! Sai wani mai jan ƙyalle a goshi ya dawo, ya goga yatsa a kan rubutun. Farar ƙasa ta bushe, ta biyo yatsan kamar gari.

"Tsoho!" ya ƙwala wa Baba Tashpulat kira. "Wannan hannunka ne?"

Kalma ɗaya ake nema a wurinsa. Mutumin da ya ci shinkafar bikin Binali, ya sa masa albarka a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na ruga ciki. Mata uku suka danne Fadime, na toshe mata baki da tafin hannuna, ta cije ni har jini. A ɗaki Kaka ta rungume yaran biyu ta fara kiran sunayen mamatanta da ƙarfi, tana gamawa ta sake daga farko, don kada Nergiz ta gane muryar da ke ihu a waje.

* * *

Kwana biyu bayan haka sojoji suka zo da motoci suka kwashe Turkawan da suka rage. Fadime ta hau da yarinya da ƙunshi ɗaya, babu Binali. Ba ta waiwayo ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na rubuta abin da na gani a takarda, da sunayen samari biyar da na shaida, na bi ƙofa-ƙofa neman sa hannu. Wannan ta ce tana wanka lokacin. Wancan ya ce idonsa ba ya gani nesa, shi da ke hango tsuntsu a kan inabinsa daga bakin kasuwa. Wata ta ja ni gefe: "Ke Bayahudiya, an rufa miki asiri, ba za ki gode ba?" Hannu uku na samu: nawa, na Kaka, sai na Rahmin da ya sa a rana ta uku ba tare da ya dube ni ba. Na kai ofishin mai gabatar da ƙara. Aka karɓa, aka ce in je za a neme ni.

Baba Tashpulat ya sake zagayowa, wannan karon da shuɗin fenti, ya shafe rubutun kowa. Layi ya yi fes.

Jiya da hantsi ina shanya, Osnat ta shigo tana kuka, rigarta duk ƙasa. Na leƙa waje. Yaran layi ne suka samu guntun alli, sun jeru a gindin katanga, kowa da farin zane a goshi.

"Me suka yi miki?"

"Wasa ne, Mama," ta ce tana jan majina. "Wanda ba a rubuta wa ba shi ke kwanciya a ƙasa. Yau ni suka tsallake."