Waken Ilyasu

Hamisu ne ya riƙe kan Ilyasu a cinyarsa, amalanken jaki yana ta girgiza su a kan hanyar asibiti. Rigar Ilyasu ta jiƙe sharkaf da gumi, yawu yana zuba ta gefen bakinsa, Hamisu yana sharewa da hannun riga. Ɗelu, matar Ilyasu, tana biye da su a ƙasa, mayafinta yana jan ƙasa ba ta sani ba.

"Maƙwabci," in ji Ilyasu, muryar can ciki, "ka ce ma Ɗelu kar ta ba yara."

"Ta ji. Yi shiru haka nan."

"Ka ce mata dai."

Hamisu ya waiwaya ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai kawai.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Madarumfa. Kowace kaka, in an casa wake, Ilyasu yakan barbaɗa masa hodar kashe ƙwari, ya cakuɗa da hannu, ya ɗinke buhu. Kuma yana da wata al'ada tasa. Ranar da za a buɗe buhu, sai a shanya waken, a wanke, Ɗelu ta dafa masa 'yar tukunya shi kaɗai. Ya ci da hantsi, ya zauna ya jira. In har la'asar ta yi cikinsa lafiya, washegari kowa ya ci. Mutanen unguwa sukan tsokane shi, wai wayon cinye wake da mai ne ba ya son a sa masa hannu. Shi ko sai ya yi dariya ya ce, "Cikina ya saba. Na yara bai saba ba."

Hodar bana sabuwa ce. A kasuwar Ɗan Issa ya sayo ta, ƙulle a leda ba rubutu ko ɗaya, mai sayarwa ya rantse masa ko ƙwaro ɗaya ba zai kusanci buhun ba. Da ya dawo ya raba ta biyu, ya miƙo wa Hamisu rabi ta kan katanga. Hamisu ya gode, ya zuba a nasa waken.

A asibiti aka yi wa Ilyasu allura, aka sa masa ƙarin ruwa. Hamisu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yatsun ƙafar Ilyasu suna rawa, har suka daina. Malamin asibiti ya fito ya dafa kafaɗarsa. Hamisu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ji bakinsa ya faɗa, amma cikin ƙirjinsa shiru, kamar an share ɗaki an fitar da kaya. Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi. A hanyar dawowa ya lura tafkin garin ya ja baya ƙwarai bana, masunta suna tura kwale-kwale cikin laka.

Washegari ana zaman makoki a ƙofar gida, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo a kan babur. Ta yi gaisuwa, ta shiga wurin Ɗelu, ta fito da wake kaɗan ƙulle a leda, safar roba a hannunta.

"Akwai wanda ya sa irin wannan hodar?" ta tambayi mazan da ke kan tabarma.

Hamisu ya ce, "Ni."

"Kun ci?"

"Ba mu buɗe ba tukuna."

Ta bi shi gida, ta ɗebi nasa. Ta ce za a aika da shi Yamai a auna.

"Yaushe za a ji, Malama?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam, yana daɗewa. Kafin nan kada a ci, kada a sayar, ko akuya kada a ba."

Da ta tafi, Salisu mai awon hatsi ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Kai Hamisu, kwana ne ya ƙare, ba wake ba. Shekara nawa muna sa hoda, wa ya mutu? Kawo shi ran kasuwa in gauraya da nawa. Mota ta ɗauka, can wa ya san na wa ne?"

"Can ma mutane ne za su ci."

"To zauna jiran Yamai, ka ga ko za su aiko maka da tuwo."

Hamisu ya tashi. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Zahara'u tsaye a bakin ɗakin ajiya, tana kallon buhunan. Geronsu ya kusa ƙarewa, kuma damina ko faɗuwa ba ta yi ba. Waken nan ne suka yi niyyar ya kai su kaka, su ci wani, su musanya wani da gero.

"Malam, in na wanke da ruwan zafi hwa? In wanke, in sake, in sake?"

"Ɗelu ma ta wanke."

"To mi za mu ci?"

"Ban sani ba."

Ta juya ta koma wurin murhu.

Da safe, bayan ya leƙa makokin, ya ɗauki galma ya fita filin da ke bayan gidansa, nesa da rijiya, ya fara haƙa rami. Ƙasar ta yi tauri, rana ta ɗaga sosai kafin ramin ya kai masa ƙugu. Ya jawo buhun farko ya farke bakinsa. Ya yi nauyi, ya kasa karkata shi shi kaɗai. Sai ga Zahara'u ta zo, ta kama gindin buhun. Waken ya kwararo, fari tas, ko huda ɗaya babu a jikinsa. Haka suka yi da sauran.

Kaji suka ji ƙarar zubar, suka taho da gudu. Zahara'u ta tsaya a bakin ramin tana kaɗa su da gefen zani, shi kuma yana mayar da ƙasa.