A Ɗaga Koci Nestor

Shekara ashirin da bakwai mijina Nestor yana horar da 'yan ƙwallon kwando na kwalejinmu a birnin Iloilo, ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaga shi ba. Duk kocin da ya ci kofi, yaransa kan ɗora shi a kafaɗa su zagaya fili da shi. Nawa kuwa sau huɗu yana kaiwa wasan ƙarshe, sau huɗu yana tsayawa yana tafa wa wani.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe, yaran kuma sai cin wasa suke. Maimakon bawan Allahn nan ya yi murna, sai ya hau ma'auni. Kilo ɗari da sha biyu.

"Perla, in muka ci suka kasa ɗaga ni fa? A gaban kyamara?"

"Su goma sha biyu ne, kowanne kamar falwaya," na ce. "Ci abincinka."

Ina! Ya yi sallama da shinkafa. In na gasa kaza sai ya shinshina ya fita. Wata uku yana fama da kokwamba, ya zubar da kilo sha tara, haƙurinsa ma ya bi su. Ya yi faɗa da direba, ya yi da maigadi, har kyanwata ba ta tsira ba.

Ranar wasan ƙarshe tun kafin hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya gargaɗe shi kan surutu. Saura minti biyu, muna gaba da maki uku, aka hura wa Dindo kyaftin ɗinmu laifi. Nestor ya zabura har tsakiyar fili.

"Kai makaho! A kasuwa ka tsinci usur ɗin nan?"

Nan take aka kore shi. Wanda aka kora kuwa ba ya sake taka fili a ranar.

Na bi shi ɗakin sauya kaya, wani kurkuku a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, rufinsa kamar ya taɓa kai. Na shiga da niyyar wanke shi tas, sai na tarar ya zauna ya zuba wa bango ido. Can ginin ya ɗauki ihu da sunan kwalejinmu.

"Mun ci," ya ce a hankali. "Shekara ashirin da bakwai, Perla."

Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Sai aka banko ƙofa. Dindo ne da sauran yaran, jiƙe da gumi, sun bar manyan baƙi tsaye da kofi a hannu.

"Koci, tashi. Mama, ɗan matsa mana."

"A nan?" in ji Nestor. "Ba kowa fa."

Ba su saurare shi ba. Matsalar ita ce ƙarfin ɗaga Nestor na da, mai kilo ɗari da sha biyu, suka tanada. Suka cilla shi sama kamar buhun auduga, kansa ya daki rufi, ƙum!

"Wayyo! A sauke shi!" in ji Dindo.

Nestor, goshi a kumbure, hawaye na zuba, ya damƙi gashin yaron.

"Duk wanda ya sauke ni, gobe sai ya zagaya fili sau hamsin!"

Ba wanda ya tuna masa cewa gobe ba shi ne koci ba. Haka suka yi ta zagaya benci guda da shi, kansa a sunkuye, ni kaɗai ina tafi ina kuka.