Ranar Da Takalmana Suka Tafi Ɗaurin Aure

Daren jiya na yi wani mafarki, ni Ɗan'azumi makaniken injin casar shinkafa.

Na gan ni a kamfaninmu da rana tsaka, amma shinkafa fara ake zubawa a inji, ta fito da ƙaiƙayinta, kowa yana murna. An tara mu horo. Mai koyarwar wata agwagwa ce da hular kwano, Injiniya Talatu.

Ta ce, "Kafin ka shiga inji, kashe wuta. Kulle makunnin. Rataya jan kati mai sunanka. Ba mai cire shi sai kai."

Na ce, "Hajiya, shekara ashirin da biyu ina shiga inji. Takalmana nake bari a gindinsa. Duk wanda ya ga takalmi ya san da mutum a ciki."

"Takalmi ba ya rantsuwa, Baba."

"Kati yana yi?"

Ta rubuta wani abu da ƙafa.

Sai ga ni a cikin inji. Akwai tabarma a ciki, da buta, ga haƙoran ƙarfe suna minshari a kaina. Na leƙa ta wata ɓula, na ga takalmana sun miƙe suna karkaɗe jiki.

"Kai! Ina za ku?"

Na dama ya ce, "Ɗaurin auren silifas. Ba za mu daɗe ba."

Na hagu ko sallama bai yi ba.

Sai ga Sallau mai kunna inji, mutumin da ba ya iya ganin makunni a kashe ya wuce. Ya ƙwanƙwasa inji.

"Da mutum a ciki?"

Inji ya yi hamma. "Ni dai ban ga kati ba."

Munafuki! Ina zaune a cikinsa! Na buɗe baki in yi ihu, sai shinkafa ta zubo daga bakina, 'yar gwamnati.

Agwagwa ta leƙo. "Baba, me ka ce?"

"Kawo katin! Kawo goma!"

"Daga waje ake ratayawa."

Yatsan Sallau ya kama hanyar makunni. Ya tsaya ya gaisa da mutane, ya sayi goro, ya ci gaba. Haƙoran ƙarfe suka farka suna wasa junansu. Ya danna.

Gurrrr!

Na zabura. Ashe maƙwabciyarmu Iya Ramota ce ta tada injin markaɗe. Na zauna a bakin gado na ƙirga yatsuna, goma cif. Ban yarda ba, na tashi mai ɗakina ta sake ƙirga min.