Mai Buɗa Shafi

Yayata Muhabbat ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba sai a shekarar da take cikin shuɗin kayan makoki. Duk Samarkand an san mai makoki ba ta zuwa biki, ba ta kunna rediyo, balle ta je kallo. Ni Sabohat, ƙanwarta, ni na raka ta, kuma har gobe wanda ya ga laifina ya zo ya faɗa mini a gaban idona.

'Yarta tilo, Nafosat, ita ce ta rasu a Mosko, inda take koyon kiɗan fiyano. Ciwon huhu ya kama ta cikin sanyin can, kafin labari ya iso mana har ta cika. A akwatin ƙarfe aka kawo ta, a liƙe ruf, aka ce kada a buɗe. Yaya ba ta ga fuskar 'yarta ba. Hoton da muke da shi kuwa na 'yar firamare ne, da kitso biyu da giɓi, ga shi yarinyar ta daɗe ba ta zo hutu ba. Abin da ya fi cin Yaya ke nan. Sai ta farka da asuba ta ce mini, “Sabohat, fuskar tana gudu na. Ta yarinta nake gani, ta girman ta ƙi zuwa.”

Rannan sai ga Zebo, ƙawar Nafosat ta makaranta, ta zo mana gaisuwa. Muna zaune na zuba mata koren shayi, tana gutsurar gurasa, ta ce, “Inna, fim ɗin nan na kiɗa da aka kawo garin nan, ai Nafosat tana ciki.”

Yaya ta ajiye kofinta. “Ita ke kiɗan?”

“A'a, wani dattijon malaminmu ne. Ita ke buɗa masa shafi. Kin san hannuwansa biyu suna kan fiyano, dole wani ya zauna gefensa yana bin takardar, in an kusa ƙarshen shafi ya miƙe ya juya. Ba kowa yake yarda da shi ba fa, Inna. Ya ce ita kaɗai ce ba ya ma jin numfashinta.”

Yaya ba ta ƙara tambaya ba, sai ta dube ni ta ce, “Gobe bayan azahar.”

Washegari muna fita kuwa sai ga Inna Tursunoy zaune a ƙofar gidanta, matar da ko kaza ta gitta layinmu sai ta san gidan da za ta.

“Ina zuwa haka da shuɗi, Muhabbat? Maƙabarta ai can take.”

Na ce, “Sinima za mu, Inna. A sayo miki tikiti ne?”

“Subhanallahi! Ƙasar kabarin ma ba ta bushe ba!”

“To ki je ki tsare mana ita har mu dawo.”

Yaya ta ja hannuna. Ita ko kallon matar ba ta yi ba.

Ɗakin kallon kusan wayam yake. Wasu sojoji biyu da suka shigo neman inuwa, da saurayi da budurwa can baya suna ɓarar 'ya'yan furen sunfulawa kamar gyaɗa, sai malaman makarantar kiɗa a jere da jakunkunansu a cinya. Muka zauna tsakiya. Aka fara da labarin noman auduga, aka yi ta nuna mana tarakta kamar ba mu muke tsinkar audugar ba. Yaya ta riƙe gefen ɗankwalinta, ba ta ko motsi.

Sannan farin ƙyallen ya cika da wani makeken zaure mai fitilu. Dattijon ya fito, ƙato, kafaɗunsa kamar ƙofar rumbu, ya rusuna, ya zauna. A bayansa wata ta wuce cikin baƙar riga, wuf, ta zauna ta can ɗaya gefen nasa. Jikinsa ya rufe ta gaba ɗaya.

Kiɗan ya fara a hankali, da sanyi, kamar mai lallashin jariri. Ni ban san kan irin wannan kiɗa ba, ban kuma zo don shi ba, amma wallahi sai da ya taɓa ni. Can sai wani hannu ya taso ta saman kafaɗar dattijon, siriri, ya kama kusurwar takardar, ya ɗan jira, ya juya ta, ya koma.

Yaya ta damƙe cinyata. “Ita ce. Ga tabon tanderu nan a wuyan hannunta.”

Ni ban ga wani tabo ba, amma na ce, “Ita ce, Yaya.”

Haka muka yi ta yi. Mai ɗaukar hoton nan, Allah ya shirye shi, ba abin da ya sani sai yatsun tsohon da gumin goshinsa. Ya nuna fitilu, ya nuna wata mata mai sarƙa tana lumshe ido, ya koma kan yatsu. In hannun ya taso, Yaya ta miƙa wuya, ta karkata, ta leƙa. Sau ɗaya muka ga gefen gashinta da bakin kunne. Har na ja numfashi, sai tsohon ya sunkuyo da kai ya tare. Na ji kamar in tashi in ture shi daga kujerar. Raina ya ɓaci, na tsani mutumin da bai yi mini komai ba, na tsani kiɗan nasa mai daɗi.

Da ya buga na ƙarshe, mutanen zauren suka miƙe suna tafi. Na ce a raina yanzu kam dole, ai za ta tsaya a gaishe ta. Ashe mai buɗa shafi ba ta rusunawa, ba a yi mata tafi. Yana gaba yana karɓar furanni, ita kuwa ta tattara takardun ta rungume a ƙirji, ta nufi wata 'yar ƙofa can baya. Bayanta kawai muke gani, da tafiyar nan tata ta sauri, kai a sunkuye.

Yaya ta miƙe tsaye tsakiyar sinima. “Nafosat! Juyo mana, 'yar nan. Ni ce.”

Wata cikin malaman ta waiwayo za ta ce a yi shiru, ta ga shuɗin kayan, ta mayar da kanta. Ƙofar ta rufe. Rubutu ya hau ƙyallen, aka kunna fitila.

Kowa ya watse, muka rage mu biyu da mai shara. Ni ina ta kuka kamar ƙaramar yarinya, ita kuwa idonta a bushe, tana ta nazarin kujerun ɗakin, tana duban ƙyallen, tana sake duban kujerun.

“Laifinmu ne,” in ji ta. “Mun zauna inda tsohon ya tare mana ita. Gobe mu zo da wuri mu kama can ƙarshen hagu, jikin bango. Daga can za mu hango ta ta bayansa.”

Na buɗe baki zan yi mata bayani. Na dubi fuskarta, ta yi wani haske da rabon da in gan shi tun ranar da aka kawo akwatin.

Na ce, “To, Yaya. Gobe sai mu zo da wuri.”