Wa Zai Wanke Zalman

"Wa ya dafa?" in ji Zalman, yana leƙa kwanon romon kazar da na ɗora masa a cinya. "Idan mijinki ya sa hannu a ciki, kwashe abinki."

"Hershel ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, kai ma ka sani. Sha, ka daina min iyayi."

Ya sha cokali biyu ya ture. Tun da ƙafafunsa suka ƙi hawa bene aka sauko masa da gado falo, robar iska a hanci, talabijin kuwa ba ya mutuwa. 'Yan takarar shugaban ƙasa suna ta musu a kan Isra'ila, shi kuma yana mayar musu da martani kamar suna jinsa. Sai na ga ya laluba ya rage muryar talabijin ɗin, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

"Bluma, wa zai wanke ni?"

"Haba Zalman! Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"Likita ya faɗa, ni ma na ji a jikina. Ba ni amsa."

Mu Yahudawan da suka rage a garin nan 'yan kaɗan ne, yara duk sun gudu manyan birane. Tun ina amarya, idan namiji ya rasu a cikinmu, mutum biyu ne ke yi masa wanka: Zalman maƙwabcinmu da mijina Hershel. Mu mata mu ɗinka likkafani. Su suka wanke mahaifina, su suka wanke limaminmu na ƙarshe. Amma tun bazara ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

A majami'a abin ya faru, wajen cin abinci bayan addu'ar Asabar, a gaban kowa. Tirza, 'yar Zalman tilo, tana aure a arewacin Isra'ila, kuma yaranta sun fi kwana a ɗakin ɓuya na ƙarƙashin ƙasa fiye da kan gadajensu. Zalman ya ce shi babu ruwansa da haraji ko kuɗin asibiti, wanda zai tura makamai ba tare da tambaya ba shi zai zaɓa. Hershel, wanda ya sha ɗaukar Tirza a wuya tana ƙarama, ya ce makamai an daɗe ana turawa, yaran ba su samu barci ba. Shi wanda zai matsa a tsayar da yaƙin zai bai wa ƙuri'a, don can ɗaya ɓangaren ma 'ya'yan mutane ake binnewa.

Zalman ya miƙe. "Idan wani abu ya sami jikokina, da hannunka a ciki!"

Hershel ya ɗaga hannun ya dube shi. "Wannan hannun? To na rantse ba zai ƙara taɓa ka ba, kana raye ko kana mace."

Ka ji min tsofaffi. Su biyun duk so suke yaran nan su kwana lafiya, amma ka je ka gaya musu.

Na ɗauke kwanon daga cinyarsa na ce, "Kira shi mana. Ka ce bakinka ne ya kuɓuce."

"Bai kuɓuce ba. Gaskiya na faɗa."

"To ka tafi da dauɗarka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kama bakin rigata. "Baƙi za su kawo daga birni, Bluma. Mutanen da ba su san ni ba, su yi ta juya ni kamar buhun dankali. Wannan ya fi mutuwar hana ni sukuni."

Na ji tausayinsa. Na gyara masa matashi na fito.

A gida na tarar da Hershel a teburin kicin, waya a kunne, yana lallashin wata tsohuwa ta fito ranar zaɓe. A jiharmu ta Pennsylvania kowace ƙuri'a har gida ake bin ta. Na jira ya ajiye.

"Abokinka yana tambayar wanda zai wanke shi."

"Ya ce in zo?"

"Bai ce ba."

"Ya janye maganarsa?"

"Ka san shi."

"To kin ji." Ya jawo wayar.

Na dafe ta. "Hershel, ɗan takarar nan naka ko sunanka bai sani ba. Zalman kuwa shi ya zauna da kai a asibiti lokacin da aka yi maka aikin zuciya."

"Na yi rantsuwa a gaban jama'a, Bluma. Ya ce ni mai kashe jikokinsa ne. Yaran Tirza! Ni!" Ya tashi ya fita. Ta taga na hango shi yana share ganyen da ya taru a ƙofar gidan Zalman, yana yi yana zagin iska. Shiga ciki kuwa bai shiga ba.

Ranar Lahadi da hantsi Zalman ya cika. Ina wajen, ni da mai jinyarsa. Ya gama waya da Tirza ke nan, ya ce ta sa masa ƙaramin jikan ya ji muryarsa, ya yi ta cewa "yaro na kirki, yaro na kirki", sannan ya nemi a juya shi ya fuskanci taga. Shi ke nan. Na rufe masa ido, na yi kukana. Da na gaya wa Hershel, sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Mu ba ma ajiye gawa, amma dole aka jira jirgin Tirza, sai jana'izar ta faɗo ranar Talata, ranar zaɓe. Hershel ya riga ya yi alkawarin kwasar tsofaffi a motarsa zuwa rumfar zaɓe. Da safe ya fito tsaf, hoton ɗan takararsa maƙale a ƙirji. Ni kuma likkafanin da na ɗinka yana hannuna.

"Sauke ni a ɗakin wanka," na ce. "Kan hanyarka ne."

Ba kan hanyarsa ba ne, amma bai musa ba.

A bakin ƙofa muka tarar da mutum uku daga birni, masu ladabi, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Babbansu ya matso kusa da motar. A wajenmu mai wanka yakan kira mamaci da sunansa da na mahaifinsa, ya roƙe shi gafara idan an taɓa shi ba daidai ba.

"Uwa, yi haƙuri," ya ce. "Ba a ba mu sunan mahaifinsa ba. A takarda Salomon aka rubuta. Salomon ɗan wa?"

"Zalman," in ji Hershel, idonsa a kan sitiyari. "Zalman ɗan Pinhas."

"Madalla. Akwai wani abu a jikinsa da ya kamata mu sani?"

"Kafaɗarsa ta hagu ba ta ɗaguwa, ya taɓa faɗowa daga tsani. Ta dama za ku fara juya shi. Kuma akwai..." Ya kashe motar, ya ciro hoton daga ƙirjinsa ya jefa a kujerar baya, ya miƙo min makulli.

"Je ki kwashe tsofaffin nan."

"Ni? Ka san wanda zan ce su zaɓa?"

"Shekara nawa muna tare ban tambaye ki ba, sai yau?"

"Rantsuwar fa?"

"Wannan tsakanina da Allah ne. Zan amsa."

Ya naɗe hannun riga ya shige, baƙin suka bi shi. Mace ba ta shiga wajen wankan namiji, don haka na ajiye likkafanin a kan benci a bakin ƙofa. Ya kamata in tafi, ana jirana. Amma ƙofar ba ta rufu duka ba, sai na tsaya.

Na ji muryar Hershel, a dishe. "Zalman ɗan Pinhas, ni ne. Ka yafe min." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma a kan zaɓe ba ka da gaskiya, wannan kam ka tafi da shi."

Wani ya jawo bokiti. Ta tsagar ƙofar ina hango bayan mijina kawai, ya sunkuya ya tsoma gwiwar hannu a ruwan, kamar mai shirin wankan jariri. Ya ɗago ya tsayar da baƙon da ke shirin zubawa.

"Dakata. A ƙara na zafi, ba ya son sanyi."