Ƙwayoyi a Cikin Jitar Yaya

Wata goma sha huɗu bayan an buɗe kan Yayana an cire masa ƙari, ya dawo ɗakin da muke gwajin kiɗa, ya ɗauki jitarsa, ya kaɗa waya ɗaya, ya ce wani ya taɓa masa kaya.

Babu wanda ya taɓa. Wa ma ya isa? Shekara ashirin ina buga masa ganga, ban taɓa ganin ya bar wani ya saita masa jita ba. Mutum ne da ko firji ya yi ƙara sai ya gaya maka a wace murya yake kuka. Ranar ya ɗaure wayoyin nan tamau har ɗaya ta tsinke, sannan ya juya kan mai piyano, ya ce shi ma kayansa sun yi ƙasa. Mai piyano, bawan Allah, ya ce wannan na lantarki ne, ba ya sauka. Yaya ya ce to yau ya sauka.

Mun sha wahala da shi a jinya. Ya koyi tafiya, ya koyi riƙe cokali, sai kuma farfaɗiya ta biyo baya. Magani biyu aka gwada ba su riƙe ta ba, na uku ne ya kwantar da ita. Shi ya sa muka ce a yi masa uzuri, kunne ma ai sai ya warke.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kunnen nan yana da ranaku. Talata ya zo ya yi faɗa da kowa, wai duk mun karkace. Asabar kuwa, ranar da muke wasa a gaban mutane, sai ka gan shi garau, ya saita jita cikin minti ɗaya kamar da. Ni kuma Allah ya yi ni da bin diddigi. Na zargi fanka, na kashe ta. Na zargi gajiya. Har matarsa Anti na tambaya ko yana barci sosai, ta ce in dai minshari shaida ne, lafiyarsa lau.

Wata Juma'a da rana muna tsakiyar waƙa na ji wani ɗan kacau-kacau da ba ya bin kiɗana. Mai ganga zai yafe maka komai ban da wannan. Na duba kayana ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya kwance. Da Yaya ya shiga bayi na ɗaga jitarsa na girgiza. A cikinta ne. Na kifa ta a kan cinyata, sai ga ƙwayoyi farare suna faɗowa ta ramin tsakiya.

A haka ya same ni, hannuna cike.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ka dai gani."

"Anti ta ce kullum a hannunka take ba ka."

"Tana ba ni. Jita na kan cinyata, ita kuma sai ta juya ɗauko ruwa." Ya zauna. "Daga Laraba nake dainawa. In ina sha, komai sauka yake yi, ɗan kaɗan, kamar an sassauta wa duniya waya. Muryarka ma ba a inda na san ta take ba. In na yi kwana uku ban sha ba, sai ta koma daidai."

Gaskiya tsoro ya kama ni, don ni na ɗauke shi daga ƙasan kicin ranar da farfaɗiyar ta buge shi, haƙoransa a datse. Amma ban iya riƙe bakina ba, sai da na tambaye shi ko har kukan firjin ya sauka. Ya ce har shi.

Litinin muka tasa shi gaba, ni da Anti, sai asibiti. Likita ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ba ƙarya yake yi ba, wannan maganin yakan yi wa wasu haka, galibi masu kunne irin nasa ne ma suke lura. Yaya ya kalle mu ɗaya-ɗaya, wai a ba shi gaskiyarsa. Sai ta ƙara da cewa ba za ta canza shi yanzu ba, tunda shi kaɗai ya riƙe ciwon, kuma wannan sha-yau-bari-gobe da yake yi ita ce hanya mafi sauri ta dawo da shi kan gadon da ya tashi.

Talata ya zo gwaji, ya sha maganinsa a gabanmu, ya buɗe baki kamar yaro don in duba. Sannan ya miƙa wa mai piyano jitar.

"Saita mini."

Mai piyano ya karɓa, ya shiga saitawa. Da ya gama, Yaya ya kaɗa wayoyin, ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa. Na ga yatsunsa sun nufi maɗaurin waya, sai ya janye su. Muka ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe, yatsun suna zuwa inda suka saba shekara da shekaru. Ban taɓa jin ta yi daɗi haka ba tun kafin tiyata, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar lokacin ba.

Da muka tsaya ya goge zufa.

"Ni a kunnena babu wuri ɗaya da ya zauna daidai," in ji shi. "Ku fa?"

"Ta zauna, Yaya."

"Ka tabbata? Kada ka yi mini kara."

"Na tabbata."

Ya daɗe yana kallon jitar. Sannan ya gyara mata zama a cinyarsa, ya ce, "To, in na kauce ka gaya mini. Ni ba zan sani ba."